Silo Ya Rikice a Tsohuwar Porsche: Ina Za a Fara Dubawa?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau za mu leƙa bayan wata tsohuwar motar gudu ta ƙasar Jamus, Porsche 911 SC, wadda aka ƙera a birnin Stuttgart daga 1978 zuwa 1983. Bayanta na ce, domin can injinta yake: silinda shida a kwance, uku dama uku hagu, lita 3, babu lagireto, iska ce ke sanyaya shi. A kan titi ba ta da abin faɗi. Sai an tsaya an ɗaga ƙafa daga totur take fito da halinta.

(ƘARAR INJI, YANA HAWA YANA SAUKA)

Kun ji ko? Ya ɗaga murya, ya sauke, ya yi kamar zai mutu, ya farfaɗo. Lafiyayyen injin wannan mota, idan ya yi zafi, silonsa zaune yake wajen juyi 900 zuwa 950 a minti ɗaya. Wanda kuka ji yanzu ba shi da mazauni.

Motar ba ta da kafireto. Tana amfani ne da tsarin fesa mai na kamfanin Bosch da ake kira K-Jetronic, wanda ya fito a 1973. Kada sunan ya firgita ku. Duk bakaniken da ya taɓa buɗe Marsandi 230E ko 280E a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san wannan tsari, ko da bai taɓa ganin Porsche da idonsa ba. Babu kwamfutar da ke lissafin mai a cikinsa. Wani faifan ƙarfe ne zaune a bakin mazurari. Iskar da inji ya zuƙa tana ɗaga faifan, faifan ya tura wani tsinken ƙarfe a cikin marabar mai, ita kuma ta sakar wa nozul shida fetur daidai gwargwadon iskar da ta wuce. Kamar mai sikeli ne a kasuwa: abin da ya hau sikelin kaɗai ake biya.

To, ina labarin iskar da ba ta bi ta kan faifan ba? Nan gizo ke saƙar. Motar ta haura shekara arba'in. Robobinta sun bushe, tiyo ya tsage, zoben robar da ke riƙe nozul ya ƙandare. Duk inda aka samu kafa, iska za ta shiga ta ɓarauniyar hanya, ba a auna ta ba, ba a ba ta rabonta na mai ba. Sai mai ya yi ƙaranci a cakudar iska da fetur, inji ya riƙa karkarwa, ya mutu a danja, ya yi wuyar tashi da safe. Wannan mota kuma tana da wani rauni nata na daban. Akwatin iskarta na roba ne, kuma idan inji ya yi tari ta baya lokacin tayarwa, akwatin kan tsage, wani lokaci a ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa masu ita da yawa ke huda akwatin su dasa wani ɗan murfi mai sifirin, wanda ke buɗewa ya fitar da ƙarfin tarin.

Ga wani gwaji da ba ya cin ko kobo. Inji na silo, ya yi zafi, sai a cire murfin tankin baƙin mai. Tankin yana da tiyon da ya haɗa shi da mashigar iska, don haka cire murfin daidai yake da buɗe kafa da gangan. Idan injin a rufe yake ruf, nan take za ka ji silo ya faɗi. Idan ko gezau bai yi ba, to akwai wata kafar da ta riga ta buɗe, kuma wani ya taɓa murɗa mai ya ƙara don ya rufe asirinta. Daga nan sai a hura hayaƙi cikin mashigar iska da inji a kashe, a ga inda zai ɓullo. Wasu kan fesa man wanke kafireto a gaɓoɓi su saurari canjin murya. Ni dai ba na son wannan dabara a kan inji mai zafi da ke kwance bisa salansa. Gobara ba ta sallama.

(GAJEREN KIƊA)

Masu sauraro, idan kafa ta toshe amma matsala ba ta tafi ba, sai a tambayi mai motar: yaushe take yi, da sanyi ko da zafi? Amsar ta raba aikin gida biyu.

Idan da safe ne take mutuwa sai an riƙe mata totur, ko kuma ta yi zafi amma silo ya ƙi sauka, a duba bawul ɗin ƙarin iska. Aikinsa shi ne ya buɗe lokacin sanyi ya ɗaga silo, sannan wata 'yar waya ta ɗumama shi ya rufe a hankali cikin 'yan mintoci. Datti kan sa ya maƙale. A matse tiyonsa bayan inji ya yi zafi: in silo ya sauka, bawul ɗin bai rufe ba.

Sai kuma na'urar da ta fi kowace shan zargi, wato mai daidaita matsin mai lokacin ɗumama. Famfo na tura fetur da matsin da ya kai kusan bar 5 a ma'aunin matsi. Ita wannan na'ura tana ɗibar wani kaso na matsin ta danna tsinken ƙarfen nan na marabar mai daga sama. Da sanyi takan sassauta, faifai ya ɗaga sosai, mai ya yawaita. Da zafi takan ƙara dannawa har matsin ya haura bar 3, mai ya ragu. In ta lalace ta bar matsin a ƙasa, inji zai yi ta shan mai fiye da kima, kuma yawancin silon da ke hawa yana sauka daga yawan mai yake. Ba a gane wannan da kunne, komai ƙwarewar maigida a gareji. Geji ake ɗaurawa, a karanta matsin da sanyi, a karanta da zafi, a gwada da abin da littafin motar ya ce.

Kada a manta da wuta. Fulogi, wayoyi, da taimin, wanda a silo yake kan digiri 5 kafin fistan ya kai ƙololuwa. Dilkon da ya tsufa kan maƙale a gaba, ya hana silo dawowa bayan an taka totur.

Kun lura har yanzu ban ambaci sukurun silo ba? Da gangan ne. Sukuru biyu ne a wannan tsari: babba a jikin maƙogwaron totur mai ƙara iska, da ƙarami a ɓoye cikin rami kusa da marabar mai, wanda ake murɗawa da makulli mai milimita 3. Ƙaramin nan shi ya fi kowane saurin jawo hannu, shi kuma ya fi ɓata aiki. Ɗan juyi kaɗan ya isa ya sauya cakudar gaba ɗaya. Wanda ya murɗa shi alhali akwai kafa a akwatin iska, zai ji silo ya lafa yau, gobe kuma motar ta dawo da baƙin fulogi da ƙaurin fetur. Ana taɓa shi ne a ƙarshe, inji da zafi, na'urar awon hayaƙi a bakin salansa. Kuma kada a taka totur makullin na cikin ramin, domin hannun faifan zai iya lanƙwashewa.

A 1984 Porsche ta sauya zuwa tsarin Motronic mai kwamfuta a motar Carrera 3.2, wanda ke riƙe silo da kansa. Amma tsohon tsarin na nan a cikin Marsandi da yawa da ke yawo a titunanmu. Don haka 'yan uwa bakanikai, in irin wannan mota ta shigo gareji, a ajiye makullin milimita 3, a fara neman kafa, a nemi aron geji in babu.

(KIƊAN RUFE SHIRI)