Haƙorin famfara da gwiwar manomin rani

A wani ƙauye kusa da Kadawa na ga wata yarinya 'yar shekara shida ta toshe baki da hannu. Haƙorinta na gaba ya fita, ƙawaye na ta tsokanarta, wai kada ta bari ƙadangare ya ga wawulon, sabo ba zai tsiro ba. Haƙorin kuwa tuni ta cilla shi kan soro. Kakanta na zaune a gefe yana matsa gwiwa. Tun ruwan Tiga na sabon zuwa Kura da Bunkure yake duƙe a fangali, daga dashen shinkafa sai tsinkar tumatir. Masana sun haura shekara 20 suna binciken ko abin da ke cikin irin wancan haƙori zai iya gyara irin wannan gwiwa.

A tsakiyar haƙori akwai wata 'yar tsoka mai laushi, mai jini da jijiya, ita ke hana mutum barci in haƙori ya yi kogo. A 2000 Stan Gronthos da Songtao Shi, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, suka gano tana ɗauke da uwayen ƙwayoyin halitta, wato ƙwayoyin da ba su gama zama komai ba. Kamar iri suke kafin dashe, sai dai irin shinkafa shinkafa kawai zai ba ka, su kuwa gwargwadon abin da aka ciyar da su a ɗakin gwaji suna karkata zuwa ƙashi, ko guringuntsi, ko kitse. A 2003 Shi da abokan aikinsa suka bayyana cewa akwai irinsu a haƙoran yarinta, kuma sun fi na manya saurin hayayyafa. Haƙorin 'yarsa da ta yi famfara ne ya fara ankarar da shi.

Jikin haƙorin ma ba yasasshe ba ne. Likitan ƙashi Marshall Urist ya nuna a 1965 cewa ƙashin da aka tsotse wa ma'adinai, in an binne shi a tsokar dabba, sai sabon ƙashi ya tsiro a wurin. A 1967 aka ga ɓangaren haƙori da ke ƙarƙashin farin ɓawonsa yana yin haka a zomaye, don yana riƙe da furotin mai kiran ƙwayoyin jiki su zo gini. Yau a Koriya ta Kudu da Japan ana niƙa haƙorin da aka cire wa mutum, a tsabtace garin, a cike masa ramin muƙamuƙi da shi. A ganina nan ne ya kamata likitocin haƙoranmu su fi zuba ido, tunda kayan aikin daga bakin majinyacin yake fitowa. Akwai kuma Emdogain, furotin da aka ƙirƙiro a Suwidin don farfaɗo da ƙashin gindin haƙori, amma daga haƙoran 'ya'yan alade ake tatso shi, kuma Bakano yana da haƙƙin a faɗa masa haka kafin a shafa masa a dasashi.

Game da uwayen ƙwayoyin kuwa, a mutane ƙashi ne ya fara amsawa. A 2009 likitoci a Napoli ta Italiya suka ba da rahoton gyara muƙamuƙin majinyata da ƙwayoyin turamen da aka cire musu.

Guringuntsi ne mai taurin kai. Kowane mai ɗori ya san karaya na haɗewa cikin makonni in an daidaita ta, domin jini na ratsa ƙashi. Guringuntsin gwiwa ba shi da hanyar jini ko ɗaya, fangali ne da kwata ba ta kai masa, shi ya sa in ya zaizaye ba ya komawa. Nasarar da aka samu a kansa da ƙwayoyin haƙori galibi a zomaye da ɓeraye take. Duk wanda ya tallata wa tsohon nan allurar sabunta gwiwa daga haƙori, kuɗin shinkafarsa yake so. Abin da likitocin ƙashi irin na asibitin Dala ke da shi a hannu shi ne maganin raɗaɗi, da motsa gaɓa, in abin ya ci tura a sa gwiwar ƙarfe.

A ƙasashen da ake adana haƙoran yara, cikin ruwan magani mai sanyi ake gaggauta kai su ɗakin gwaji, a daskarar da ƙwayoyin a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Na yarinyar Kadawa yana kan soro, ranar bazara na dukansa.