Wa Zai Tafa Wa Yaran Sakkwato?

Duk yamma, da zarar rana ta yi sanyi, filayen makarantu a Mabera da Runjin Sambo da Gidan Igwai kan cika da ƙananan ƙungiyoyin yara suna buga tamaula cikin ƙura, wasunsu ko takalmi babu. Masu horar da su ba albashi suke karɓa ba; da karo-karo ake sayen ƙwallo da riguna.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ranar Asabar gidajen kallo kan cika maƙil saboda Arsenal da Chelsea, amma wasan yaran unguwa sai 'yan tsiraru. Alhali Shehu Abdullahi, wanda ya samo wa Nijeriya tagulla tare da takwarorinsa a gasar Olamfik ta 2016, ya kuma buga Kofin Duniya a Rasha a 2018, haifaffen garin nan ne.

Yaron da ba a kallo, ba mai gano baiwarsa. Don haka ina kira ga attajirai da ma'aikata su ɗauki nauyin gasar unguwanni, a yi wasan ƙarshe a filin Giginya, mu kuma mu halarta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.