Me ya sa kare ke ɓata ɗaki, kuma ta yaya ake horar da shi?

A ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka, inda jama'a da dama ke zama da karnuka a cikin ɗaki, yin fitsari da kashi a tsakar ɗaki na daga cikin dalilan da kan sa wasu su rabu da karnukansu.

Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa kwikwiyo kan iya riƙe fitsari na tsawon sa'a guda ga kowane wata da ya yi a duniya. Ke nan mai wata 3 da wuya ya wuce sa'a 3.

Shi ya sa ake fitar da shi da zarar ya farka, ko ya gama cin abinci ko wasa. Akan kai shi wuri guda kullum, a kuma ba shi ɗan abin taɓawa nan take idan ya yi a can.

Ƙungiyar RSPCA mai yaƙi da cin zalin dabbobi, wadda aka kafa a Ingila a shekarar 1824, ba ta goyon bayan duka ko tsawa. Kare ba ya gane cewa laifin ɗazu ne ake hukunta shi a kai, sai dai ya koyi laɓewa ya yi a ɓoye.

Haka kuma akan guji goge wurin da ruwan wanki mai sinadarin amoniya, domin warinsa na kama da na fitsari, yana kuma iya janyo karen ya koma.

To amma idan babban kare da ya riga ya horu ya fara ɓata ɗaki kwatsam, likita ya kamata a nufa, domin ciwon sukari ko na ƙoda ko na mafitsara kan haddasa hakan.