Kada Harshen Kaka Ya Mutu A Hannunki

Uwargida, in kin tashi da wani harshe ban da Hausa, shin yaranki suna jin sa? A ƙasar Bauchi, Ajawa sun koma yin Hausa har harshensu ya ɓace tsakanin 1920 da 1940. Su kuwa Mawori na ƙasar Niyu Zilan, da suka ga nasu yana dusashewa, sai suka buɗe gidajen reno a 1982, inda tsofaffi ke yi wa ƙananan yara Maworanci zalla. A 1987 ya zama harshen hukuma.

To, ke ma fara yau da gaisuwa, aike da tatsuniyar dare. Ke kuma 'yar makaranta, zauna gun kaka da littafinki, ki rubuta tun tana raye.