GIDAN DA YA KOYA WA CALI RAWAR DANGARAFAI

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗinsa ya shiga sinima, ko a Sabon Garin Kano ko a nan Ikko, ya san abin da ake nufi da cali-cali, watau ɗan wasan nan da ba shi da wani aiki sai ba jama'a dariya. Ana jin sunan ya samo asali ne daga Charlie Chaplin, Baturen Ingilan nan mai ɗan gashin baki da 'yar malafa da sanda, da takalma waɗanda suka fi ƙarfin ƙafarsa. An haife shi a Landan cikin 1889, ya rasu a ƙasar Suwizalan cikin 1977. To, amma ba kowa ya san cewa kafin ya fara ban dariya da rawa ya fara cin abinci ba. A gidan wani tsohon malamin makaranta ya koye ta, mutumin arewacin Ingila wanda neman abinci ya kai shi kudu, shi da matarsa da 'ya'yansa. Labarin wannan gida muka kawo muku yau, don akwai abin da ya shafe mu a ciki, mu mazauna Kurmi.

RAWAR 'YAN MASAƘA

Lankasha wani lardi ne a arewa maso yammacin Ingila, wajen birnin Mancesta. A cikin ƙarni na 19 babu wurin da ya kai shi saƙar tufafin auduga a duniya. Mu ma muna da ɗan hannu a ciki, don kuwa a Mancesta aka kafa ƙungiyar noman auduga ta B.C.G.A. cikin 1902, wadda ta gina injunan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau. Audugar ta biyo jirgin ƙasa zuwa Ikko, ta hau jirgin ruwa zuwa Libaful, sa'an nan ta komo mana a matsayin yadi.

Ma'aikatan masaƙun nan talakawa ne tilis, maza da mata har da yara. Daɓen masaƙa na dutse ne, ga sanyi, ga laima, saboda zaren auduga yakan tsinke in iska ta bushe. Takalmin fata kuwa ya fi ƙarfin aljihunsu. Saboda haka sai suka riƙa sa wani irin takalmi mai kama da dangarafan da kakanninmu ke sawa da damina. Ƙasansa katako ne, samansa fata, kana a bi gefen katakon a buga masa ƙarfe kamar yadda Turawa ke yi wa kofaton doki, don kada ya cinye da wuri. Da asuba in 'yan aiki suka fito, tun daga nesa ake jin ƙarar tafiyarsu bisa duwatsun titi.

An ce a cikin masaƙun rawar ta yi ƙarfi. Mutum yana tsaye wuri ɗaya tun safe har dare, ƙafa ta ƙage don sanyi, ga injuna suna bugawa ba fashi, sai ya shiga buga dunduniya da kan ƙafa yana bin sautin injin. Ko ma yaya ta fara, siffarta ta nuna inda ta fito. Mai rawar yakan tsaya tsaf, hannuwa a sake, daga ƙugu zuwa sama ba motsi, ƙafafu kaɗai ke magana. Wanda ya san 'yan Koroso na Kano da akayau ɗinsu zai gane abin da ake nufi: ƙafar ita ce mai rawa, ita ce kuma makaɗiya.

Ba a daɗe ba aka shiga gasa, har da kuɗi da ɗamara ga wanda ya yi zarra. A wasu wuraren alƙalan gasa sukan zauna a ƙarƙashin dandamali ko bayan labule, don kada kyan fuska ko ado ya ruɗe su, kunne kaɗai ke yanke hukunci. Wasu gwanayen kuma bisa wani ɗan falalen dutse suke hawa su yi rawarsu, wanda faɗinsa bai fi na faifai da yawa ba. Cikin 1880 wani saurayi mai suna Dan Leno ya ci ɗamarar gwanin duniya a garin Lids, daga baya ya zama babban mai ban dariya na Ingila. Shi ma a hannun iyayensa ya tashi cikin wasa. Haka abin yake a lokacin: babu makarantar gwamnati ta rawa, gida shi ne makaranta, uba shi ne malami.

MISTA JACKSON DA IYALINSA

Mista William Jackson malamin makaranta ne a Lankasha kafin ya ajiye alli. Ya haɗa ƙungiyar yara 'yan rawa mai suna Eight Lancashire Lads, watau Samarin Lankasha Takwas, suna bin gidajen wasa gari gari, inda talakawa kan taru da dare su kalli mawaƙa da 'yan dabo da masu barkwanci. Da yake manyan gidajen wasa a Landan suke, can ya kama gida a unguwar Kennington.

Yawancin abin da aka sani game da cikin gidan daga bakin Cali ya fito, a littafin tarihin rayuwarsa da aka buga cikin 1964. Ya ce huɗu daga cikin samarin takwas 'ya'yan Jackson ne na cikinsa, maza uku da mace ɗaya, ita macen an yi mata aski irin na maza don lissafi ya cika. Uwar yaran ta rasu, sai Jackson ya sa cigiyar mata a jarida. Wasiƙu sama da 300 suka zo. Ya yi addu'a, ya buɗe guda ɗaya tak, sai ga shi mai wasiƙar ita ma tsohuwar malamar makaranta ce, kuma 'yar ɗariƙar Katolika irinsa. Ita ya aura, ita ce kuma ta riƙa kula da cin yaran da suturarsu.

Jackson yana alfahari da cewa yaransa ba su shafa komai a fuska kamar sauran 'yan wasa, wai jan kumatunsu na ƙoshin lafiya ne. Amma a Landan, inda sukan yi wasa a gida biyu ko uku a dare ɗaya, yara sukan gaji su yi fari fat. To, kafin su fita sai ya sa su mintsini kumatunsu. In kuma ya hango sun ɓata rai a kan dandamali, sai ya tsaya a gefe ya washe baki yana nuna fuskarsa, nan da nan su takwas su kama murmushi.

ƊAN RIƘO

Shi Cali ba ɗan Lankasha ba ne, bai kuma taɓa shiga masaƙa ba. Uban mawaƙi ne wanda giya ta ci ƙarfinsa, ya bar gida. Uwar, Hannah, ita ma tsohuwar mawaƙiya ce, muryarta ta mutu, ga taɓin hankali yana zuwa yana komowa. Tun yana shekara 7 aka kai shi gidan gajiyayyu na gwamnati. Uban ya san Jackson, shi ya shawo kan uwar ta ba da yaron. Sharaɗin kuwa shi ne za a ba shi ci da wurin kwana, uwar kuma ta riƙa karɓar sule biyu da sisi kowane mako. Tsofaffinmu da suka yi zamani da sule sun san abin da kuɗin nan zai iya saye da abin da ba zai iya ba.

Mako shida ya yi yana koyo kafin a yarda ya hau dandamali. Ranar da ya hau kuwa tsoro ya kama shi har ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Ya yi shekarun 1899 da 1900 yana yawo da su. Ran Lahadi in iyalin suka tafi cocinsu, shi da yake ɗariƙarsu ba ɗaya ba ce sai a bar shi shi kaɗai, har kaɗaici ya sa wani lokaci yakan bi su.

Jackson ya lura yaron yana da baiwar kwaikwayo. Wata rana ya gan shi yana kwaikwayon wani tsoho yana ba 'yan'uwansa dariya, sai ya fito da shi gaban jama'a a garin Middlesbrough. Abin bai yi kyau ba, don muryar ba ta kai baya ba, mutane suka yi ta ihu a ɗaga murya. Da Kirsimatin 1900 kuma aka ɗauki yaran su fito a siffar kyanwoyi da karnuka a wani babban gidan wasa na Landan. Cali ne kyanwa. Ba wanda ya sa shi, sai ya je ya shinshina bayan kare, ya waiwayo ya kashe wa jama'a ido, ya ɗaga ƙafa kamar kare zai yi fitsari. Gida ya ɗauki dariya, manaja kuwa ya yi ta faɗa a bayan labule. Cali-calin da muka sani daga nan ya fara leƙowa.

ABIN DA YA SAMU DA ABIN DA YA RASA

Duk wanda ya kalli yadda Cali yake juyi da ƙafa ɗaya a kwana, ko yadda yake zamewa ɗan sanda, horon gidan Jackson yake kallo. Gidan ya ba shi abinci lokacin da babu, ya ba shi sana'a, ya cire masa tsoron taro.

Amma akwai abin da bai ba shi ba. Yaran sukan shiga makarantar duk garin da suka sauka, mako ɗaya a nan mako ɗaya a can, ga gajiyar dare. Cali da kansa ya ce karatun bai ƙare shi da komai ba. Cikin 1903, yana shekara 14, aka ɗauke shi wasan kwaikwayo aka miƙa masa takardar abin da zai faɗa. Ya yi ta godiya da ba a ce ya karanta a nan take ba, don da ƙyar yake haɗa baƙi. Sai da ya kai gida wansa Sydney ya riƙa karanta masa yana haddacewa. Wannan fa yaro ne da ya yi shekara biyu a gidan da maigida da uwargida duk malaman makaranta ne.

Lafiyarsa ma ta taɓu. Uwar ta riƙa cewa ɗanta ya rame, rawa tana cin huhunsa, har ta rubuta wa Jackson. Shi kuwa ya ji haushi ya sallamo yaron. Bayan 'yan makonni ciwon asma ya kama shi, ya yi watanni yana fama. Ido na uwa ya ga abin da malami bai gani ba.

YADDA RAWAR TA KUSA ƁATA

Gidan Jackson ya ci gaba da sana'arsa, ɗansa Alfred ya horar da ƙungiyoyin 'yan mata masu rawa waɗanda suka yi wasa har Jamus a shekarun 1920. Amma ita rawar dangarafai ta ja baya. Bayan yaƙin duniya na farko takalmin fata ya yi arha, na katako ya zama alamar talauci, yara suka shiga jin kunyarsa. Sinima ta kwashe 'yan kallon gidajen wasa, sinimar da shi Cali ya zama sarkinta. Daga shekarun 1950 kuma masaƙu suka yi ta rufewa.

Abin da ya cece ta shi ne 'yan tsirarun gidajen da ba su yar ba. Akwai Sam Sherry, wanda aka haifa cikin 1912. Ubansu ne ya koya musu, shi da 'yan'uwansa maza huɗu suka yi suna a gidajen wasa a shekarun 1930. Da kasuwa ta mutu sai ya koma sana'ar jiragen ruwa a wani ƙauye mai suna Galgate kusa da Lankasta. Da girma ya zo, ya ɗauko takun da ya gada ya shiga koya wa duk wanda ya zo, ɗan kowa ne. Almajiransa suka kafa ƙungiyar Lancashire Wallopers cikin 1981. Ya rasu cikin 2001.

Akwai kuma wata mata, Pat Tracey, 'yar garin Nelson a Lankasha, wadda ta gaji rawar daga uwarta, uwar kuma daga nata uban. Zama ya kai ta kudu, ba ta bar abin gidansu a arewa ba. Ta buɗe aji a Landan tana koya wa mutanen da ba su taɓa jin ƙarar masaƙa ba. Da waɗannan mutane sun ce sai ɗan gida kaɗai, da takun ya bi su kabari.

MU FA?

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. A Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Anaca akwai wanzamai da dukawa da mahauta da makaɗa da maɗinka hula waɗanda 'ya'yansu suka tashi a Kurmi, wasu ma kunyar sana'ar uban suke ji, kamar yadda yaran Lankasha suka ji kunyar dangarafai. Maigida, in naka ya ƙi, dubi na maƙwabci. Sana'ar da aka kulle a ɗaki tare da mai ita ake binne ta.

Sa'an nan ga ɗaya gefen. Kusan kowane gida a zangonnin nan akwai yaron da aka aiko daga Arewa, yana tsaron tebur, ko yana bin mota, ko yana jiƙa goro. Wanda ya karɓi ɗan wani amana ya karɓa. Ci da wurin kwana da koyon ciniki duk alheri ne, amma a tambaya: yaron nan yana zuwa makaranta, ta allo da ta boko? Ya iya karanta rasit? In ya yi tari da dare, wa ke ji? Ku kuma iyaye na gida, kada ɗan abin da ake aiko muku ya hana ku zuwa ku ga yaron da idonku, kamar yadda Hannah ta yi.

Cali ya tsira, har Sarauniyar Ingila ta ba shi sarauta cikin 1975. Amma shi ɗaya ne cikin dubu, kuma ya sami wa mai karanta masa takarda. Yaron da ke kwance a zaurenka mai yiwuwa ba shi da kowa a garin nan sai kai. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.