Masuntan da suka tsallakar da maƙwabtansu

Ranar 28 ga Satumba 1943 wani jami'in Jamus da ke aiki a Kofanhagen, babban birnin Denmak, mai suna Georg Duckwitz, ya tsegunta wa ɗan siyasar ƙasar Hans Hedtoft cewa umarni ya zo a kame duk Yahudawan ƙasar. Sojan Hitila na riƙe da Denmak tun watan Afrilun 1940. Da gari ya waye malamin Yahudawa Marcus Melchior ya tsaya a ɗakin ibadarsu ya ce kada kowa ya kwana a gidansa, wanda ya ji kuma ya kai wa wanda bai ji ba.

Da sojoji suka bazama gida-gida a daren 1 ga Oktoba, akasarin gidajen babu kowa. Mutanen sun shige ɗakunan maƙwabta, wasu suna kwance a asibitin Bispebjerg da sunayen bogi kamar marasa lafiya. Daga nan aka riƙa sulale da su zuwa gaɓar teku, masunta suna cusa su a ƙarƙashin jiragen kamun kifi, suna tsallakawa da su Suwidin cikin duhu. An ba ƙananan yara maganin barci don kada kukansu ya tona asiri. Cikin 'yan makonni sama da mutum 7,000 suka tsira.

Ba kowa ne ya yi don Allah ba. Masunta da yawa sun karɓi kuɗi masu tsoka, kuma a garin Gilleleje an kama kusan mutum 80 da suka ɓuya a saman rufin coci. Kimanin 470 aka kai sansanin Theresienstadt. Amma a nahiyar da aka hallaka Yahudawa miliyan 6, wannan ƙaramar ƙasa ta kuɓutar da kusan duk nata. Da aka gama yaƙi a 1945, da yawa sun dawo sun tarar maƙwabta sun riƙe musu amanar gida da kaya.

Wata Ba'amurkiya, Lois Lowry, ta ji labarin zamanin daga bakin ƙawarta Annelise Platt, wadda ta yi ƙuruciyarta a Kofanhagen. A 1989 ta fitar da littafin yara mai suna Number the Stars. Tauraruwarsa Annemarie ce, 'yar shekara 10, da aminiyarta Ellen, Bayahudiya. Iyayen Annemarie suka karɓi Ellen suka ba ta sunan 'yarsu da ta rasu. Da sojoji suka buga ƙofa da tsakar dare, Annemarie ta fizge sarƙar addinin da ke wuyan Ellen ta dunƙule ta a hannu, uban kuma ya fiddo hoton jarintar marigayiyar don ya shawo kan sojan da ke tuhumar baƙin gashin yarinyar. A nan ƙarfin littafin yake. Yaro ba ya iya ɗaukar miliyan shida a ƙwaƙwalwarsa, amma ya san ƙawar da suke cin abinci a kwano ɗaya, ya kuma san abin da yake so babansa ya yi in an zo kama ta.

Na san wani zai ce, to yaran Falasɗinu fa? Su ma haka ne. Yaron da ake farauta saboda addinin iyayensa, ko na wane ne, yana da haƙƙi a kan maƙwabcinsa.

Mu ma muna da namu labarin. A watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan da suka biyo su ya ƙi miƙa su. Akwai yara a cikin mutanen da ya ɓoye.

A Tukur-Tukur ta Zariya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, inda Abubakar Imam, wanda ya ba yaranmu Magana Jari Ce, ya yi aikin editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Marubutanmu na yau, musamman na Zazzau da suka gaji wannan gida, ku je Nghar ku ji daga bakin waɗanda suka kwana a masallacin nan, ku rubuta wa 'yan firamare labarin da Hausa.