Daga Injin Moto zuwa Injin Jirgin Sama

Duk ɗan kabu-kabun da ke zirga-zirga tsakanin Badagishiri da Illela ya san abin da zafin bazara ke yi wa injin moto. In ya yi tafiya mai nisa da kaya niƙi-niƙi sai ya fara tari, ƙarfinsa ya ragu. Wannan matsalar ce ta sha wa masu ƙera jiragen sama na farko a Faransa kai. Injin mai sanyaya da ruwa ya cika nauyi, mai sanyaya da iska kuma ba ya jimre doguwar tafiya.

Alessandro Anzani, ɗan Italiya mazaunin Faransa, ɗan tseren moto ne kafin ya koma ƙira. Daga injin moton ya fitar da wani mai silinda 3 da ƙarfin doki 25. Da shi matuƙin jirgi Louis Blériot ya tsallake tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila ranar 25 ga Yuli 1909, cikin minti 36 da ɗoriya. An yi ta shagali, amma a gaskiya injin ba na dogon zango ba ne.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta 'yan'uwan nan Louis da Laurent Seguin, masu kamfanin Gnome. A 1908 suka fito da Omega mai silinda 7 da ƙarfin doki 50, nauyinsa kilo 75 ko makamancin haka. Suka kafe sandar tsakiya a jikin jirgi, suka bar injin ɗungurungum yana juyawa tare da farfela, yana yi wa kansa fifita ko jirgin yana ƙasa. Man da ke sa masa santsi kuwa na zurman ne, wato cika-gidan nan da ke fitowa a bayan gari, domin fetur ba ya tsinka shi. Injin ba ya mayar da man, fesar da shi yake yi, matuƙi ya sauko fuska da tufafi sharkaf da maiƙo.

A Agustan 1909 matuƙin jirgi Henri Farman ya yi kilomita 180 da injin Omega a garin Reims ba tare da sauka ba. Sai dai da aka ƙara wa irin waɗannan injuna girma lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, juyin ƙarfen ya riƙa fizgar jirgi gefe guda, ga shan mai. Bayan 1918 aka koma ga injin da ke tsaye wuri ɗaya.